Daga Sito Zuwa Tsakiyar Teku: Lacca Kan Lodi da Ɗaure Kaya a Jirgin Ruwa

Mai girma shugaban taro, iyayenmu alhazai 'yan kasuwa, hajiyoyi masu fitar da kaya waje, shugabannin 'yan dako, direbobi da ɗalibai.

Mai yiwuwa wani a cikinku yana cewa a ransa, ina ruwan Bakano da jirgin ruwa, alhali tsakaninmu da bakin teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce? To ai riɗin da ake aunawa a Dawanau, da zoɓon Jigawa, da cittar Kachiya, da ƙaro, da fatun da ake jemewa a Sharaɗa da Chalawa, akasarinsu ta ruwa suke barin ƙasar nan, ko ta Apapa, ko Tin Can, ko Onne, ko Lekki. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma kayansu ta tashoshin bakin teku irin su Kwatano da Lome suka saba bi. Tun da aka buɗe tashar tudu ta Kaduna a 2018, da ta Dala a Zawaciki a 2023, ga kuma ta Funtuwa, abin ya ƙara matsowa kusa. Yanzu a nan gida za a cika kwantena, a rufe ta, a buga mata hatimi, kuma mai yiwuwa ba wanda zai sake ganin cikinta sai a Sin ko Turkiyya ko Mekziko. Maganata a yau ita ce, kaso mai yawa na lafiyar jirgi da ta mutanen da ke cikinsa a ƙofar sito ake yanke shi, a hannun mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba.

A da ba haka abin yake ba. Zamanin dalar gyaɗa, buhu-buhu ake loda kaya cikin jirgi, mataimakin kyaftin yana tsaye yana kallo. Ya ga buhun da ya jiƙe ya mayar da shi, ya ga inda aka bar giɓi ya sa a cike. A watan Afrilun 1956 wani Ba'amurke mai kamfanin manyan motoci, Malcom McLean, ya loda akwatunan ƙarfe 58 a kan wani tsohon jirgin dakon mai da ake kira Ideal X, daga Newark zuwa Houston. Daga nan fatauci ya sauya. Lodi ya yi sauri, kuɗin dako ya faɗi, sata ta ragu. Sai dai an yi hasarar abu guda: idon ma'aikacin jirgi. Manyan jiragen yau tsawonsu ya kai mita 400, suna ɗaukar abin da ya haura kwantena 24,000 idan aka ƙirga da mai ƙafa 20. Babu kyaftin ɗin da zai iya buɗe ko kashi ɗaya cikin ɗari. Abin da aka rubuta a takarda shi ya sani, shi kuma zai gina lissafinsa a kai.

Mu da muka saba da tirela muna ganin mun san wahalar hanya: birki, kwana, ramuka. Teku ta wuce nan. Jirgi yana motsi iri 6 a lokaci guda. Yana kwantawa dama da hagu, goshinsa yana nutsawa yana ɗagowa, gaba ɗayansa yana hawa da sauka, yana zamewa gefe, yana zabura gaba yana ja da baya, kansa kuma yana kaɗawa. Direba idan ya ga hadari ya yi muni sai ya faka. Kyaftin ba shi da wurin fakawa. Ku ɗauka jirgi yana kwantawa ya dawo sau ɗaya a kowane daƙiƙa 10. A minti guda sau 6 ke nan, a awa sau 360, a yini da kwana sau 8,640. Tafiyar kuwa makonni ce. Igiyar da ta ɗan saki a ranar farko, kafin mako ya zagayo ta tsinke. Katakon da ya ɗan motsa ya zama abin da ke dukan bango dare da rana.

Akwai wata magana da nake yawan ji a wurin lodi, kuma ina so mu binne ta yau: wai wannan kaya nauyinsa ya isa ya riƙe shi. Ƙa'idar cika kwantena da hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta fitar a 2014 tare da ƙungiyar ƙwadago ta duniya da wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi lissafin wannan. A teku mai tsananin raƙuman ruwa, ƙarfin da ke tura kaya zuwa gefe yana kai kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan. Wato injin da ya kai tan 10, ƙarfin tan 8 ne ke neman jefa shi jikin bango. Sannan idan jirgi ya hau raƙumin ruwa ya rufto, akwai lokacin da kayan ba sa danne daɓe da fiye da kashi 20 cikin 100 na nauyinsu. A wannan ɗan lokacin, nauyin da kake taƙama da shi ya tafi, ƙaramin turi ya isa ya zamar da kayan. Kuma da zarar abu mai nauyi ya fara tafiya, nauyin nan nasa shi ne zai fasa ƙofa.

Bari mu ga yadda jirgi ke riƙe kwantenonin kansu. Waɗanda ke can cikin ƙundun jirgi suna zaune tsakanin ginshiƙan ƙarfe da suka kama kusurwoyinsu, ba su da inda za su. Matsalar tana kan doron jirgi, inda ake jera su hawa-hawa, wani lokaci har hawa 10 ko fiye, a fili, iska da ruwa suna dukansu. Kowace kwantena tana da dunƙulen ƙarfe mai rami a kusurwoyinta 8. A cikin ramukan nan ake sa wani makulli da ake murɗawa, ya haɗa ta sama da ta ƙasa. Irinsa ne ke kan gadon tirela, kuma rashin murɗa shi ne ke sa kwantena ta suɓuto daga mota ta danne mutane, kamar yadda ya faru a gadar Ojuelegba a Legas a Janairun 2023, inda aka rasa rayuka 9 a cikin wata motar haya. Bayan makullai, ana gicciya sandunan ƙarfe daga kusurwoyin hawa na ƙasa-ƙasa zuwa jikin jirgi, a ɗame su da ƙarfe mai zare. Sandunan nan ba sa kaiwa can ƙololuwa. Hawa na sama makullai kaɗai ke riƙe da su. Shi ya sa dokar tsari take cewa mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama. Kowane jirgi yana da littafinsa na ɗaure kaya wanda hukuma ta amince da shi, kamar yadda yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS ta wajabta, kuma a cikinsa an faɗi iyakar nauyin kowane jeri.

Wanda ke tsara inda kowace kwantena za ta zauna yana ofis gaban kwamfuta, bai taɓa ɗaga ta ba. Idan aka rubuta masa tan 8 alhali tan 22 ce, zai kai ta sama da zuciya ɗaya, ya ɗora ta kan waɗanda ba za su iya da ita ba, a wurin da jijjiga ta fi ƙarfi.

Wannan ba zato ba ne. A Janairun 2007 jirgin MSC Napoli ya tsage cikin guguwa a mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa. An ceci ma'aikatansa 26, aka janyo shi aka kafe shi a gaɓar Branscombe a kudancin Ingila. Masu bincike sun ce babban dalilin tsagewar rauni ne a ƙirar jikin jirgin. Amma sun samu damar da ba kasafai ake samu ba, ta auna kaya ɗaya bayan ɗaya. Cikin kwantena 660 da ke kan doro waɗanda ruwa bai shiga ba, 137 nauyinsu ya saɓa wa takarda da fiye da tan 3. Ɗaya cikin biyar ke nan. Akwai wadda bambancinta ya kai tan 20. Sai da aka shafe shekaru ana muhawara kafin a gyara dokar SOLAS, daga 1 ga Yulin 2016 ya zama ba a loda kwantena sai da shaidar tabbataccen nauyinta. Hanya biyu aka yarda da su: ko a auna ta a cike bisa sikelin da aka tantance, ko a auna duk abin da aka zuba, har da katako da igiya, a haɗa da nauyin kwantenar da ke rubuce a ƙofarta. Alhakin kuma yana wuyan wanda sunansa ke kan takardar jigila a matsayin mai aiko da kaya. Alhaji, kai ke nan, ko da ejan ne ya cike maka takardar.

Na san yadda ake yi. Ana ƙirga buhu a ninka da kilo 50, a rubuta. Amma wa ya auna buhunan? Mun san buhun da ake cewa na kilo 50 a kasuwa yana iya zarcewa, musamman idan kayan sun sha danshi. Ɗan ƙarin kilo 3 a kowane buhu, a buhu 380 da ke cika kwantenar riɗi mai ƙafa 20, ya haura tan guda. Wannan kuskure ne na sakaci. Akwai kuma na ganganci, wanda mutum ke rage nauyi a takarda don ya kauce wa ƙarin kuɗi. Mu al'umma ce da ta san hukuncin tauye mudu tun daga makarantar allo. Wanda ya rage tan 5 a takardar jirgi ya yi abin da ya fi wannan, domin a kasuwa dukiyar mutum ya ci, a teku kuwa da ransa ya yi wasa.

Kada kuma a ɗauka laifin duka na mai kaya ne. Kamfanonin jiragen suna da nasu kason, kuma babba ne. A farkon Janairun 2019 jirgin MSC Zoe ya zubar da kwantena 342 a arewacin tsibiran Holan, kaya da ɓarɓashin roba suka cika gaɓar teku. Bincike ya nuna cewa faɗin jirgin da yadda yake saurin miƙewa idan ya kwanta sun sa yana fizgar kayan da ƙarfin da ya wuce wanda aka tanadi kayan ɗaurin dominsa, ga shi kuma ya bi ta ruwa mara zurfi cikin guguwa. A ƙarshen Nuwamban 2020 jirgin ONE Apus ya rasa kwantena 1,816 a dare ɗaya a tekun Pasifik, ya juya ya nufi Kobe ta Japan da sauran kayan a karkace. A ganina jiragen sun girma da sauri fiye da dabarun ɗaure kayansu, kuma matsin lambar isa kan lokaci yana sa a ratsa yanayin da ya kamata a kauce masa. Idan aka duba yawan zirga-zirgar, asarar kaɗan ce: a 2023 kwantena 221 aka ba da rahoton sun faɗa teku cikin kusan miliyan 250. Amma wannan lissafi bai ƙirga kayan da suka farfashe a cikin akwatin da ya isa lafiya ba. Masu inshorar sufuri sun daɗe suna cewa kusan kashi biyu cikin uku na lalacewar kaya daga mugun lodi take.

To yaya ake cika kwantena? Kafin buhun farko ya shiga, a duba akwatin. Mutum ya shiga a rufe ƙofa, idan ya ga haske yana shigowa ta wani wuri, ruwa ma zai shigo. A duba daɓen katakon, a shinshina ko akwai warin kayan da aka ɗauka a baya, a duba farantin ƙarfen da ke ƙofa mai nuna iyakar nauyi, wanda a yawancin kwantenoni kilo 30,480 ne har da nauyin akwatin. A baza nauyi ko'ina, kada fiye da kashi 60 cikin 100 ya taru a rabi ɗaya. Mai nauyi a ƙasa, mai ruwa a ƙarƙashin busasshe. Buhuna a sarƙa su, layi ɗaya a tsaye, na samansa a gicciye, don su kama juna. Giɓi shi ne babban abokin gaba: idan aka tara duk giɓin da ke tsakanin kaya daga bango zuwa bango, kada ya wuce santimita 15, abin da ya haura a toshe shi da katako ko jakar iska. Zobban ƙarfen da ke ƙasan bango kowannensu kimanin tan guda aka yi shi ya riƙe, na sama kuma rabin haka, don haka kada a ɗaure injin tan 10 da zobe biyu a ce an gama. Abu mai nauyi da ƙaramin gindi a shimfiɗa masa katakai masu kauri don kada ya huda daɓe. Sannan a yi wa bakin ƙofa shinge. Ƙofar kwantena ba bango ba ce, kuma wanda zai buɗe ta a can ɗan dako ne kamar naku, idan kaya suka jingina da ita a kansa za su zubo.

Danshi kuma a kula da shi. Kayan da aka loda cikin zafi, idan jirgi ya shiga ƙasar sanyi, rufin kwantena yana gumi ya riƙa ɗiga. Citta ko zoɓon da bai bushe sosai ba zai isa da fumfuna, kwalayen ƙasa su jiƙe su rufta, lodin da aka yi shi tsaf ya samu giɓi a tsakiyar teku.

Akwai kayan da ba a ɗaure su da igiya, wato waɗanda ake zubawa tsurarsu cikin ƙundun jirgi, kamar hatsi da ƙasar ma'adinai. Na kawo su ne don hankalin matasanmu ya karkata ga haƙar ma'adinai, kuma wasu a zauren nan za su shiga fitar da su. Duk wanda ya taɓa ɗaukar daro rabin ruwa a ka ya san ya fi cikakke wuyar ɗauka, don ruwan yana gudu gefe guda ya ja ka. Haka hatsi ke yi idan aka bar masa sarari. A Satumban 1957 jirgin Jamus mai filafilai, Pamir, ya taso daga Buenos Aires da sha'ir, yawancinsa a zube. Guguwa ta same shi a tekun Atlantika, hatsin ya gangara ɓangare ɗaya, jirgin ya kwanta bai sake tashi ba. Cikin mutum 86, da yawansu samari masu koyon aiki, 6 suka tsira. Ƙasar ma'adinai kuwa idan danshinta ya yi yawa, jijjigar jirgi tana iya mayar da ita taɓo mai gudu. A 2010 jirage 3 da suka ɗauko ƙasar nikel daga Indonesiya sun nutse cikin 'yan makonni, aka rasa mutum 44. A Janairun 2015 jirgin Bulk Jupiter, wanda ya taso daga Kuantan ta Malesiya da ƙasar da ake fitar da sanholo daga cikinta, ya kife kusa da Biyetnam, cikin ma'aikata 19 mai dafa abinci kaɗai ya rayu. Doka ta ce mai kaya ya kawo shaidar gwajin danshi daga ɗakin gwaji. Ma'aikatan jirgi suna da nasu ɗan gwajin: a cika gwangwani rabi da ƙasar, a buga shi da ƙasa sau 25, idan ruwa ya taso sama a dakatar da lodi. Idan bai taso ba, wannan bai wanke kayan ba.

Sai wuta, wadda ma'aikatan jirgi suka fi tsoro fiye da guguwa. Gawayi yana cikin kayan da ake fitarwa daga Afirka ta Yamma, kuma gawayi yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama ba tare da an kusanto shi da ashana ba. Ya haddasa gobara da dama a jiragen ruwa, shi ya sa aka tsaurara dokarsa: a bayyana shi a matsayin kaya mai haɗari, a bar shi ya sha iska aƙalla kwana 14 bayan an ƙona shi, kada zafinsa ya wuce digiri 40 ranar da za a zuba shi a buhu. Wanda ya sauya masa suna a takarda don kada a caje shi, ya sa an ajiye shi a wurin da ruwan kashe gobara ba zai kai ba. Haka ƙwayar maganin ƙwarin da muke sa wa hatsi: iskar da take fitarwa tana kisa, wajibi ne a manna gargaɗi a ƙofa.

Ga abin da ya shafi aljihu, ko da kai ka yi naka daidai. A Maris ɗin 2018 gobara ta tashi a jirgin Maersk Honam a tekun Larabawa, ma'aikata 5 suka mutu. Akwai tsohuwar dokar teku da ta ce idan aka yi asara ko aka kashe kuɗi don ceton jirgi, duk mai kaya a ciki zai ɗauki kasonsa. Waɗanda kayansu suka tsira sai da aka nemi su ba da jinginar da ta kai kashi 54 cikin 100 na darajar kayan kafin a sakar musu. Mai inshora kamfaninsa ya tsaya masa. Wanda ya ga kuɗin inshora ɓarna ne ya nemo tsabar kuɗi, ko ya bar kayan. Ashe ƙaryar maƙwabcinka a jirgi tana iya cin jarinka.

Zan ƙare da 'yan dako, don su ne masu aikin da hannunsu. Muna biyansu bisa yawan buhu ko yawan mota, muna tsaye a kansu muna cewa a yi sauri direba na jira, sannan mu yi mamakin ganin giɓi. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu hoton abin da teku ke yi wa kwantena. Ba a ba su katako, ba a ba su igiyar kirki, sai ragowar abin da aka tsinta a sito. Ina roƙon masu kaya su ware kuɗin kayan ɗauri a cikin lissafinsu tun farko, su kuma ƙara wa ɗan dako ladan lokacin da zai ɓata wajen sarƙa buhu da toshe giɓi. Kowane lodi ya kasance da mutum ɗaya da zai sa hannu, ya ɗauki hoto da wayarsa tun kwantena na wofi, da ta kai rabi, da ta cika, da kuma lambar hatimi. Ina roƙon masu gudanar da tashoshin tudu su tabbatar sikelinsu ana tantance shi a kai a kai, kuma kuɗin awo bai kai yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai gudu ya koma ƙirgen buhu ba. Hukumar kula da masu jigilar kaya ta ƙasa da ƙungiyoyin kasuwa su haɗu a fitar da ƙa'idojin nan cikin Hausa, da hotuna, da muryar da za a tura ta waya, don yawancin masu lodi sauraro suka fi yi a kan karatu.

Shugaban taro, a nan zan dakata. Idan an buɗe fagen tambayoyi, ina roƙon a fara ba shugabannin 'yan dako dama, su faɗa mana abin da ke hana su yin lodi yadda suka san ya kamata.